MALAMA CATHERINE SPENCE, WADDA TA ƘI YARDA A YI ASARAR ƘURI'A

Kusan kowane ɗalibi a kolejin nan ya taɓa jefa ƙuri'a, ko da ta zaɓen shugabannin ɗalibai ce. Kowa kuwa ya san yadda rai ya kan ɓaci in an gama ƙirga, aka ce wanda ka zaɓa ya faɗi da ƙuri'a biyu ko uku, ku da kuka goyi bayansa, ko kun kusa rabin makaranta, ba ku da bakin magana sai baɗi. Yawancinmu mu kan ce ai haka zaɓe ya gada, mu kaɗe riga mu tafi. To, an yi wata malamar makaranta a ƙasar Ostareliya wadda ta ƙi yarda da haka. Ta shekara hamsin tana koya wa mutanen ƙasarta darasi guda, watau yadda za a yi zaɓe kowane ɓangare na jama'a ya sami wakilai gwargwadon yawansa. Sunanta Catherine Helen Spence. Ga labarinta.

ASALINTA

An haifi Catherine ran 31 ga Oktoba, 1825, kusa da wani gari da a ke kira Melrose a ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Ubanta, David Spence, lauya ne, yana kuma aikin banki. Sunan uwarta Helen. Su takwas ne a ɗakinsu, ita ce ta biyar. An sa ta makaranta tun tana ƙarama, ta kuwa fito da kai mai kyau, har ana shirin a aika da ita babbar makaranta a birnin Edinburgh. Abin da ta sa a ranta a lokacin nan shi ne ta zama malama tukuna, daga baya ta zama mai wallafa littattafai.

Amma kana naka, Allah na nasa. Uban ya zuba dukiyarsa cikin cinikin alkama, ciniki ya karye, ya wayi gari ba shi da ko anini. Cikin 1839 sai ya kwashi iyali suka shiga wani jirgin ruwa mai suna Palmyra, suka nufi Ostareliya ta Kudu, wadda a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Suka sauka garin Adelaide wajen ƙarshen shekarar, Catherine tana da shekara 14. Daga nan ba ta sake zama a aji a matsayin ɗaliba ba. Duk abin da ta sani bayan wannan, da kanta ta nema.

Adelaide a lokacin nan sabon gari ne ƙwarai. Cikin 1836 Turawa suka kafa shi a ƙasar mutanen Kaurna, waɗanda ke zaune wurin tun kaka da kakanni. Ba kome a cikinsa sai ƙananan gidaje da ƙura da tsadar abinci. Duk da haka, cikin 1840 aka ba mutanen garin izni su zaɓi majalisar gari, ita ce kuwa irinta ta farko a duk Ostareliya, aka naɗa David Spence magatakardanta.

Zaɓen nan na 1840 yana da wani abu na daban. Akwai wani Bature a Landan, Rowland Hill, wanda ya yi magatakardan hukumar da ke lura da kafa Ostareliya ta Kudu. Shi ne mutumin nan da ya ƙago aika wasiƙa da kan sarki na kwabo ɗaya. Ubansa, Thomas Wright Hill, malamin makaranta ne a Birmingham, kuma tun 1819 ya gwada wata dabarar zaɓe a wata ƙungiyar masu neman ilmi. Ɗan ya ba da shawara a yi wani abu mai kama da ita a Adelaide. Ga yadda aka yi: in masu zaɓe suka taru suka kai wani adadi da aka ƙayyade, bakinsu kuma ya zo ɗaya kan mutum guda, to, mutumin nan ya zama wakilinsu, ko da sauran mutanen gari ba su son shi. Uban Catherine ya bayyana mata wannan tsari tana 'yar shekara 15. Ta ji, ta ajiye a zuci, ba ta san zai zame mata aikin rayuwa ba.

MALANTA DA RUBUTU

Tana da shekara 17 ta fara shiga gidajen masu hali tana koya wa 'ya'yansu karatu, ana biyanta sisi a kowace awa. Ubanta ya rasu cikin 1846, ta kuma buɗe 'yar makarantarta, ta riƙe ta shekaru kaɗan. Sa'an nan ta juya ga burinta na biyu. Littafinta na farko na ƙagaggen labari, mai suna Clara Morison, an buga shi a Landan cikin 1854 ba tare da sunanta ba. Shi ne littafin labari na farko da mace ta rubuta a kan zaman Ostareliya. An yi mata fam 40 ladansa, aka zare fam 10 wai kuɗin taƙaita shi. Wasu littattafan suka biyo baya. Ta kuma yi ta rubutu a jaridu, da fari da sunan ɗan'uwanta namiji, don a zamanin ba a ɗaukar maganar mace kan sha'anin mulki da nauyi.

Ba ta taɓa yin aure ba, ko da ya ke an nema. Amma gidanta bai rabu da yara ba, gama sau uku tana ɗaukar marayu na gida guda ta riƙe su har su girma.

LISSAFIN DA YA BUƊE MATA IDO

Cikin 1856 Ostareliya ta Kudu ta sami tsarin mulki na kanta. Aka ba kowane namiji baligi ƙuri'a, aka kuma ce a riƙa jefa ta a asirce, abin da Ingila kanta ba ta yi ba tukuna. Mutane suka yi murna, suna cewa an gama gyara. Catherine kuwa ta zuba ido tana duban yadda a ke ƙirga. Ta lura ba kowa ƙuri'a abu ɗaya ne, ƙuri'ar nan ta haifar masa da wakili kuma wani abu ne dabam.

Cikin 1859 wani lauya a Ingila, Thomas Hare, ya fid da littafi a kan zaɓen wakilai, shahararren masanin nan John Stuart Mill kuma ya yi sharhinsa a wata mujalla yana yabonsa. Mujallar ta ƙetare teku ta faɗo hannun Catherine. Da ta karanta sai ta tuna da zaɓen nan na 1840, ta ga an sami maganin ciwon da ta daɗe tana gani.

Bari mu bayyana ciwon da lissafin da ɗan aji huɗu zai iya. A ce makaranta tana da yara 100, aji biyar, kowane aji yara 20, kowane aji kuma zai zaɓi wakili ɗaya. A ce yara sun rabu biyu, masu son a sayi ƙwallo da kuɗin ƙungiya, da masu son a sayi littattafai. In a kowane aji 'yan ƙwallo 12 ne, 'yan littafi 8, sai 'yan ƙwallo su cinye kujeru biyar ɗin duka. Yara 40 ke nan ba su da ko mutum ɗaya da zai buɗe baki dominsu. Akwai ma wanda ya fi wannan muni. A ce a aji uku 'yan ƙwallo 11 ne, 'yan littafi 9, a sauran aji biyun kuwa duka 'yan littafi ne. 'Yan ƙwallo 33 sun sami kujera uku, 'yan littafi 67 sun sami biyu. Marasa yawa sun hau kan masu yawa, ba kuwa wanda ya yi maguɗi. Yadda aka yanka azuzuwan ne kawai ya jawo haka.

Ga maganin da Hare ya kawo. A haɗa yaran nan 100 wuri ɗaya su zaɓi mutum biyar tare. A raba 100 gida biyar, a sami 20. Wannan 20 ɗin shi ne mudun kujera: duk ɗan takarar da ya cika mudu ya ci. Ku kwatanta a filin wasa. 'Yan takara su tsaya, kowane yaro ya je ya tsaya bayan wanda ya fi so. Wanda yara 30 suka tsaya bayansa ba ya bukatar goma daga ciki, sai goman nan su koma bayan wanda ke bi masa a zuciyarsu. Wanda yara uku kaɗai suka tsaya bayansa ba shi da hanyar ci, sai ya janye, ukun nan su ma su koma wajen na biyunsu. Haka za a yi ta yi har a sami layi biyar cikakku. In 'yan ƙwallo 60 ne, 'yan littafi 40, sai a tashi uku da biyu. Masu rinjaye sun yi rinjayensu, marasa rinjaye kuma an ji muryarsu.

A zaɓen ƙasa ba a iya tara mutane a fili, saboda haka a takarda a ke yi. Mai zaɓe ya sa 1 gaban sunan wanda ya fi so, 2 gaban mai bi masa, 3 gaban na uku, har inda ya ga dama. Ƙuri'arsa ɗaya ce tak, amma in na farkon ba ya bukatarta, ko kuwa ba za ta amfane shi ba, sai masu ƙirga su miƙa ta ga na biyu. A yau ƙasashen da ke bin wannan hanya sun ɗan rage girman mudun, amma tushen dabarar bai sake ba.

Cikin 1861 Catherine ta rubuta wani ɗan littafi tana roƙon a kafa mulkin jama'a na tsantsa ta wannan hanya, ɗan'uwanta John ya taimaka aka buga. Hujjarta ita ce majalisa ta kamata ta zama kamar hoton jama'a a taƙaice, duk ra'ayin da ke da mabiya masu yawa a gari a same shi a ciki daidai girmansa. Mutanen Adelaide ba su kula ba sosai. Amma labarin littafin ya kai ga Hare da Mill, da ta ziyarci Ingila cikin 1865 da 1866 kuwa ta sadu da su duka biyu, ta kuma gana da Rowland Hill. Cikin 1867 Mill, yana ɗan majalisa a lokacin, ya kawo shawarar Hare gaban Majalisar Ingila, ba ta karɓu ba.

MARAYU DA 'YAN MAKARANTA

Da ta komo gida ta ga lokacin maganar zaɓe bai yi ba tukuna, ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A zamanin nan yaran da ba su da kowa a kan tara su gida guda na gwamnati tare da gajiyayyu. Ita da wata ƙawarta, Caroline Emily Clark, suka kafa ƙungiya cikin 1872 don a riƙa fid da yaran nan ana ba da su riƙo a gidajen mutanen kirki, ana kuma aika masu zuwa dubawa ko ana ciyad da su, ana sa su makaranta. Mu da muka saba da ɗan riƙo ba za mu ga baƙon abu a nan ba, amma a wurinsu sabon abu ne, sai da aka sha gardama. Daga baya gwamnati ta kafa majalisar lura da irin waɗannan yara, ta sa Catherine a ciki, ta kuwa yi aikin har ƙarshen ranta.

Ta goyi bayan dokar ilmi ta 1875 wadda ta wajabta sa yara makaranta, ta kuma yi ƙoƙari wajen kafa makarantar sakandare ta 'yan mata ta gwamnati a Adelaide cikin 1879. Cikin 1880 ta rubuta wa 'yan makaranta wani littafi wanda ma'anar sunansa ita ce Dokokin da Mu ke Zaune Ƙarƙashinsu. A ciki ta bayyana wa yara, da magana mai sauƙi, mene ne haraji, me ya sa a ke biyansa, wa ke yin doka, ina aikin alƙali da na majalisa. Shi ne littafi na farko irinsa da aka yi domin makarantun Ostareliya. A ganinta, yaron da bai san yadda a ke mulkinsa ba, in ya girma ko an ba shi ƙuri'a wani ne zai yi amfani da ita.

Daga 1878 jaridar Register ta Adelaide ta ɗauke ta cikin masu yi mata rubutu kullum. Cikin shekarar nan kuma ta fara yin wa'azi a majami'ar ɗarikar Unitarian, wadda ta shiga tun 1856. A nan ta saba da tsayawa gaban taro, abin da ya yi mata rana daga baya.

TSOHUWA TA FITA YAWON KOYARWA

Uwarta, wadda ta zauna tare da ita duk shekarun nan, ta rasu cikin 1887. Cikin 1892, Catherine tana da shekara 66, lokacin da tsararrakinta ke neman wurin hutawa, sai ta ɗauki jaka ta shiga garuruwa da ƙauyukan Ostareliya ta Kudu tana lacca. Wani attajiri, Robert Barr Smith, ya taimaka da kuɗin tafiya. Ta lura sunayen da masana ke kiran dabarar da su suna da nauyi a bakin talaka, sai ta raɗa mata suna mai sauƙi, wanda ma'anarsa ita ce ƙuri'a mai aiki.

A nan ne malantarta ta fito fili. Abokan gardamarta kullum abin da su ke cewa shi ne dabarar tana da wuya, manomi da lebura ba za su gane ba. Maimakon ta tsaya musu da su, sai ta riƙa zuwa taro da takardun ƙuri'a na gwaji. In ta gama bayani ta raba wa jama'a, kowa ya sa 1, 2, 3, sa'an nan a ƙirga a gabansu, su ga da idonsu yadda ƙuri'a ke tashi daga wanda ya cika mudu ta koma ga wani. Ta tara dubban irin waɗannan takardu, aka haɗa aka ƙirga a bainar jama'a. Kowane malami ya san wannan: abin da yaro ya yi da hannunsa ya fi zama a kansa bisa ga abin da aka faɗa masa.

Cikin 1893 ta ƙetare zuwa Amurka, inda a ke babban baje kolin duniya a Shikago. Ta yi jawabi a taron masu neman wakilci gwargwadon ƙuri'a, da taron masu lura da gajiyayyu, ta zaga garuruwan Amurka da Kanada tana lacca, ta bi ta Ingila da Suwizalan, ta komo gida cikin 1894.

Abin mamaki, duk shekarun nan da ta yi tana gyara wa maza hanyar zaɓe, ita kanta ba ta da ƙuri'a. Da fari ba ta matsa kan ƙuri'ar mata ba, don tana ganin ƙuri'ar da za a jefa ta lalace ba ta da wani amfani ga mace ko namiji. Amma cikin 1891 ta karɓi matsayin mataimakiyar shugaban ƙungiyar neman ƙuri'ar mata. Cikin Disamba, 1894, majalisar Ostareliya ta Kudu ta zartad da doka ta ba mata ikon zaɓe, har da ikon tsayawa takara. A zaɓen 1896 matan yankin suka fara jefa ƙuri'a, Catherine tana da shekara 70. Kafin nan, cikin 1895, ta kafa ƙungiyar ƙuri'a mai aiki. Babbar mataimakiyarta a wannan aiki wata matashiya ce, Jeanne Young.

TAKARAR 1897

A lokacin nan yankunan Ostareliya shida suna shirin haɗuwa su zama tarayya ɗaya. Cikin 1897 aka ce Ostareliya ta Kudu ta zaɓi mutum goma su je taron rubuta tsarin mulki. Catherine ta tsaya, don ta sami hanyar sa ƙuri'a mai aiki cikin tsarin sabuwar ƙasa. Ita ce mace ta farko da ta taɓa tsayawa takarar siyasa a Ostareliya. Aka yi ta raɗe-raɗin wai ko ta ci ba lalle doka ta yarda mace ta zauna a taron ba. Cikin 'yan takara 33 ta zo ta 22, da ƙuri'a 7,383. Ta faɗi ke nan, kuma ta irin hanyar da ta shekara talatin da 'yan kai tana suka, gama kowane mai zaɓe sunaye goma ya ke zaɓa gaba ɗaya, ɓangaren da ya fi yawa ya kwashe rabo mai tsoka. Aka kafa tarayyar Ostareliya ran 1 ga Janairu, 1901, ba tare da dabararta ba. A majalisar yankinta ma an sha kawo shirin dokar, ba ta wuce ba.

Kada mu ɗauka duk masu ƙin dabarar 'yan son zuciya ne. Wasunsu suna da hujja. Sun ce in mazaɓa ta yi faɗi, wakilai suka yi yawa, talaka ba zai san ƙofar wanda zai ƙwanƙwasa ba in rijiyar ƙauyensu ta rushe. Sun ce ƙananan jam'iyyu za su yi yawa, a kasa samun mai rinjayen da zai kafa gwamnati mai ƙarfi, kullum sai ciniki da sulhu. Har yau ana wannan gardama, kuma akwai ƙasashen da suka ɗanɗana wannan wahala. Amsar masu bin ra'ayin Catherine ita ce sulhun da aka yi a fili cikin majalisa ya fi fushin da aka bari a waje ba shi da wakili. Sai dai akwai wani dalili kuma da ba a cika faɗa ba: waɗanda ke da ikon sake dokar zaɓe su ne waɗanda tsohuwar doka ta ɗora bisa kujera, da wuya kuwa mutum ya sare reshen da ya ke zaune a kai.

Duk da haka ta ga ɗan haske tun tana da rai. A tsibirin Tasmaniya, Babban Lauyan Gwamnati, Andrew Inglis Clark, ya sa an gwada hanyar Hare a garuruwan Hobart da Launceston bisa dokar 1896. Cikin 1907 aka mai da ita dokar tsibirin duka, aka fara aiki da ita a zaɓen 1909, har yanzu kuwa da ita a ke zaɓen majalisar wakilan Tasmaniya. A Turai ma ƙasar Beljiyam ta karɓi wani nau'i na rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a cikin 1899.

Catherine ta rasu a Adelaide ran 3 ga Afrilu, 1910, tana da shekara 84, tana cikin rubuta tarihin rayuwarta. Jeanne Young ce ta ƙarasa shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Abin da ta yi ta gargaɗi a kai ya zo ya faru a Majalisar Dattawan Ostareliya. A zaɓen 1943 jam'iyyar Leba ta cinye kujeru 19 ɗin da aka yi takara kansu duka, bayan zaɓen 1946 kuwa tana da kujeru 33 cikin 36, alhali kusan rabin jama'a ba ita suka zaɓa ba. A wasu shekarun baya abokan hamayyarta ne suka yi irin wannan kwasa. Da abin ya ishi kowa, sai aka sake doka cikin 1948, daga zaɓen 1949 kuma aka koma zaɓen dattawa ta hanyar ƙuri'a mai aiki, shekara 39 bayan rasuwarta. Yankinta na Ostareliya ta Kudu sai cikin 1975 ya fara zaɓen majalisarsa ta sama gwargwadon ƙuri'a. Ƙasashen Ailan da Malta suna bin hanyar Hare tun wajen 1921. Cikin 2001, da tarayyar Ostareliya ta cika shekara 100, aka buga hoton Catherine a takardar kuɗi ta dala biyar. Cikin 2019 kuma aka fara zaɓe a wata sabuwar mazaɓa da aka raɗa wa sunanta, ko da ya ke mazaɓar mai kujera ɗaya ce, irin wadda ta ƙare ranta tana neman a sake.

Mu a Nijeriya hanyar Ingila muka gada wajen zaɓen 'yan majalisa: mazaɓa ɗaya, kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Kwamitin gyaran zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa cikin 2007 ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara cikin rahotonsa na 2008 a ƙara wasu kujeru da za a riƙa rabawa gwargwadon ƙuri'ar da kowace jam'iyya ta samu. Ba a yi aiki da wannan shawara ba. Ko ta dace da mu, ko ba ta dace ba, magana ce da ya kamata masu ilmi su iya tattaunawa da sani. A ƙasa mai kabilu da harsuna da yawa kamar tamu, mutanen da suka ga kullum suna jefa ƙuri'a ba su taɓa samun wakili ba, wata rana za su daina zuwa rumfar zaɓe, ko kuwa su nemi wata hanyar da ba ta da kyau.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ba da daɗewa ba kowannenmu zai sami ajinsa. In lokacin zaɓen shugabannin yara ya zo, ku gwada musu hanyoyin nan biyu. Ku fara da wadda aka saba, ku rubuta sakamako a allo. Sa'an nan ku fita da su fili, kowa ya tsaya bayan wanda ya ke so, ku cika mudu, ku sake rubutawa. Ku bar yaran su gwama da kansu, su faɗi wadda suka ga ta fi adalci da dalilinsu. Darasin lissafi ne, darasin zaman ƙasa ne kuma, ba ya cin fiye da awa guda. Da irinsa Malama Catherine ta bi ƙauyuka tana da shekara 66. Allah ya ba mu haƙuri irin nata a kan aikinmu, amin.